Darasi na Tara: Yadda Karatu Ke Zama a Ka

Babu kukan da malamin ajin manya ya fi ji kamar wannan: "Malam, jiya na karanta har sau biyar, yau na wayi gari babu ko ɗaya." Mai faɗin haka yakan ƙara da cewa shekaru sun ja, kai ya daskare, karatu sai yara. Daga nan wasu ke fara fashin aji, kafin wata biyu a neme su a rasa. Abin da ciwo, domin galibinsu lafiyar kansu ƙalau. Matar da ke riƙe da adashin mutum ashirin a ka, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi da wadda ke da kwasa ran Juma'a, wa zai ce ƙwaƙwalwarta ta mutu? Haka direban da ya san kowace kwana da kowane rami tsakanin Kano da Maiduguri. Abin da ke hana karatu zama shi ne hanyar da aka bi wajen yin sa, hanya kuwa ana gyara ta. Wannan darasi ya shafi dattijon da ya fara riƙe fensir bana, ya kuma shafi jikarsa mai shirin jarrabawar gama sakandare.

Mantuwa halin kowa ce

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya fitar da littafi kan gwajin da ya daɗe yana yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari wani lokaci ya wuce, sa'an nan ya auna nawa ya rage masa. Ya tarar zubewar ta fi tsanani a farko-farko. Cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi. Bayan kwana ɗaya saura kimanin kashi ɗaya cikin uku. Daga nan zubewar ta lafa, har bayan wata guda akwai wajen kashi ɗaya cikin biyar. Shekarunsa wajen talatin ne a lokacin, ga shi mai zurfin ilimi. In har irinsa zai kwana ya tashi da sulusin abin da ya haddace, to Baba mai shekara sittin ba shi da dalilin zargin furfurarsa.

Abu biyu ne suka fi amfanar mu a aikin mutumin nan. Ya lura cewa abin da ke da ma'ana ya fi saurin shiga fiye da surutun da ba a fahimta ba. Ya kuma gano cewa maimaitawa sau 38 da aka rarraba cikin kwana uku ta yi amfanin maimaitawa sau 68 da aka yi a rana ɗaya. Wato wanda ya raba aikin ya sha kusan rabin wahala, ya sami abin da ɗayan ya samu.

Abin da tsangaya ta daɗe da sani

Wanda ya taɓa zama gaban alaramma, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinsa. Malam ya biya wa almajiri, almajiri ya koma gefe ya yi ta nanatawa, yana bin baƙi da yatsa ko da tsinke. Sai dai ba a nanatawar ake tsayawa ba. Mai hadda zai zo ya miƙa allon, ya kawar da ido, ya kawo karatun da ka. In ya cije a buɗe masa, ya koma ya sake zama. Sai ya kawo tas za a ce ya wanke, a ɗora masa na gaba. Ga kuma tilawa, wadda ita ce ke tsare abin da aka riga aka wuce. Gardi yakan tashi cikin dare ko ya fita bayan gari, ba allo ba takarda, yana janyo izu bayan izu daga kansa, domin ya san duk wanda ya sake tilawa karatunsa zai gudu. Da wannan tsari aka sami mutanen da ke rubuta Alƙur'ani cikakke ba tare da sun duba ba.

A ganina babban kuskuren da muka yi da muka shiga boko shi ne mun ɗauko nanatawar, mun bar kifa allon, mun bar tilawar. Sai ka ga ɗalibi ya buɗe shafi ya bi shi daga sama zuwa ƙasa, ya koma sama, ya sake, ya ja layi da biro a ƙarƙashin rabin shafin, ya rufe yana jin ya iya. Idonsa ne ya saba da shafin. Kowane layi ya gani zai ce ai na san wannan, amma a karɓe littafin a ce faɗi, sai ya yi shiru.

An gwada wannan a fili. A 2006 wasu masana biyu a birnin St. Louis na Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗaliban jami'a gajerun rubuce-rubuce. Wani kashi suka karanta rubutun a zama huɗu. Wani kashi kuma a zama ɗaya kawai suka karanta, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka iya tunawa. Da aka jarraba su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juya: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu janyowa daga ka sun tuna kashi 61. Abin lura kuma, masu maimaitawar su ne suka fi amincewa da cewa za su tuna.

To yaya za a yi? Ku karanta sakin layi ɗaya, ko biyu in gajeru ne. Ku kifa littafin. Ku faɗi abin da aka ce da bakinku, a fili, ko ku rubuta shi a wata takarda. Sa'an nan ku buɗe ku ga me ya zube, me kuka ƙara wanda babu shi, ku gyara. Za ku ji wuya, har ma ku ji kunya in abin ya ƙi fitowa, kuma za ku so ku leƙa. Ku daure tukuna. Wannan lalube da kai ke yi yana neman abin da ya ɓace masa, shi ne ainihin aikin da ke kafa karatun. Ko da ba ku samo ba, in kuka buɗe kuka gani bayan kun sha nema, ya fi zama fiye da in ba ku nema ba.

Akwai bambanci guda da ya kamata a kiyaye. Alƙur'ani harafi da harafi ake kawo shi, ba ƙari ba ragi. Darasin kiwon lafiya ko na noma ko na tarihi kuwa ma'anarsa ake so, cikin kalmominku. Wanda ya haddace jimlar littafi kamar yadda take, alhali bai iya bayyana ta ga maƙwabcinsa ba, da sauran aiki a gabansa. Gwajin mai sauƙi ne: za ki iya gaya wa ƙanwarki abin da darasin ya ce yadda za ta gane, ba tare da kin ari kalmar littafin ba?

Sai kuma tilawar. Darasin da aka yi yau da yamma, a taɓa shi kafin a kwanta, a sake janyo shi da safe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Kowace komawa ba ta wuce minti biyar ba, kuma tazarar tana ƙara faɗi ne domin karatun yana ƙara kama ƙasa. Mai lambu ba ya kwarara wa albasa ruwan mako guda a rana ɗaya ya tafi. Zai ruɓar da wasu, sauran kuma su bushe kafin ya dawo. Ɗalibin da ya bar komai sai daren jarrabawa ya kwana a zaune, wataƙila ya ci jarrabawar, amma ku tambaye shi bayan wata biyu.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Ku sami kwalin sabulu ko na sukari, ku yayyanka shi ƙanana-ƙanana. A fuska ɗaya ku rubuta tambaya ko sabuwar kalma ko lissafi, misali 7 × 8, a bayansa ku rubuta amsa. Ku ajiye gwangwani uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku-uku, na uku sau ɗaya a mako. Kowane sabon kati a na farko zai fara. In kun ba da amsa daidai kafin ku juya shi, ya ci gaba zuwa na biyu, daga nan zuwa na uku. In kun kasa, ko a na uku yake, ya dawo na farko. Da haka lokacinku zai tafi kan abin da ke ba ku wuya, wanda kuka iya kuma ba zai yi ta cin muku lokaci ba. Wanda ya iya ajami ya rubuta amsarsa da ajami in ya fi masa sauri. Ilimin da ya zo da shi jari ne, kada ya ajiye shi a bakin ƙofar aji.

Daga haɗa baƙi zuwa jin magana

Duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ga fahimta, domin ba a janyo abin da bai shiga ba. Sabon mai karatu kuwa hankalinsa duka yana kan haɗa baƙi da wasali. Yana fama da "ma-ka-ran-ta" gaɓa-gaɓa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Kowa ta nan ya bi, kuma maganinsa sananne ne: a ɗauki ɗan gajeren rubutu, layi biyar ko shida, a karanta shi a fili sau uku ko huɗu, har ya fito kamar yadda mutum ke magana. A nan maimaitawa tana da gurbinta, don baki da ido ake horarwa. In akwai wanda ya fi ku iyawa, ya fara karantawa kuna bi da ido, sa'an nan ku karanta tare, sa'an nan ku kaɗai. Mai waya ya ɗauki muryarsa ya saurara, zai ji inda ya yi tuntuɓe da kansa. Bin layi da yatsa ba laifi ba ne a farko, zai faɗi da kansa in ido ya ƙware. A aya a tsaya a numfasa, a waƙafi a ɗan dakata, a alamar tambaya murya ta nuna tambaya ce. Mai tsallake waɗannan alamomi yakan haɗa maganar mutum biyu ta zama ɗaya.

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi ta wani gefe, domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Amma akwai wuri biyu da ke kayar da mai koyo. Na farko baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. "Ya kawo kaya" daban, "ya taka ƙaya" daban. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa. Ku saba wa idonku da neman lanƙwasar, ku kuma saba wa hannunku da sa ta. Na biyu, ba a nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya a rubutun yau da kullum. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, kuka ta miya da kuka na hawaye haka, gado na kwanciya da gado na magada haka. Babu abin da zai raba su sai sauran jimlar. Don haka in kalma ta rikita ku, kada ku tsaya kuna ta juya ta. Ku ƙarasa jimlar, sa'an nan ku waiwayo, galibi za ku tarar ta warware kanta.

Wannan dabara tana aiki ga kalmar da ba ku taɓa ji ba. Ku fara hasashe daga abin da ke gabanta da bayanta, ku sa mata ɗan ɗigo da fensir, ku wuce. In an gama sai a tambaya ko a duba ƙamus. Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, kuma ya kamata a ce kowace cibiyar karatun manya tana da kwafi ɗaya. In babu, matambayi ba ya ɓata.

Bari in ɗan ratse kan rubutun waya. Saƙonnin WhatsApp da Facebook sun sa mutane da yawa karatu kullum, wannan alheri ne. Sai dai yawancin abin da ake rubutawa a can ba lanƙwasa, ba aya, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, "zanzo" a maimakon "zan zo", "yace" a maimakon "ya ce". Ku karanta su don ku ji saƙo, amma kada ku koyi rubutu daga gare su. Wanda idonsa ya saba da wannan kaɗai, ranar da aka ce ya rubuta takardar neman aiki zai ji jiki.

Shiga rubutu da tambaya a hannu

A 1946 wani malamin jami'a a jihar Ohio ta Amurka, Francis Robinson, ya tsara wa ɗalibai matakai biyar na karanta littafin darasi, kuma har yau ana koyar da su a ƙasashe da yawa: a leƙa, a yi tambaya, a karanta, a faɗa da ka, a yi bita. Biyun ƙarshe mun riga mun yi maganarsu. Biyun farko ne mutane suka fi tsallakewa, alhali ba sa cin minti uku.

Mu ɗauki misali. A ce kin kai yaro asibitin sha-ka-tafi yana gudawa, aka ba ki fakitin garin gishiri da sukari da wata takarda mai bayani da Hausa. Kafin ki fara daga kalmar farko, leƙa takardar duka. Mene ne kanta? Akwai hoto? Ina aka rubuta da manyan baƙaƙe? Ina lambobi suke? Sa'an nan ki tambayi kanki abin da kike nema: ruwa nawa zan zuba, wane irin ruwa, yaya zan ba shi, har yaushe zan ajiye abin da na haɗa, wace alama ce in na gani zan dawo da shi asibiti? Yanzu ki karanta. Za ki ga idonki yana farautar amsa, in ya iso wurin da aka ce a zuba fakiti ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, zai tsaya da kansa. Ki lura da lambar sosai, domin akwai fakitin da na lita ɗaya ne, akwai wanda bai kai haka ba, kuma in ruwa ya yi kaɗan gishiri zai yi wa yaro yawa. Za ki ga an ce abin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo. Sai ki kifa takardar ki gaya wa maigida ko surukarki: "Inna, ga yadda aka ce a yi." In kin tsaya a wani wuri, ki buɗe ki duba. Kin yi matakan nan duka a tsaye a tsakar gida, kuma ba za ki manta ba, don da buƙata kika shiga.

Haka ake yi wa babin littafi, da takardar yarjejeniyar haya, da bayanin da ke jikin buhun taki. Kuma ba kowane rubutu ake ba gudu ɗaya ba. Labarin jarida ana iya bin sa da sauri. Takardar da za ka sa wa hannu ko ka dangwala mata yatsa kuwa, a hankali, sau biyu, kuma duk wanda ya ce ka yi sauri ka ƙara rage gudu.

Ido, haske da lokaci

Wani abin da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa laifinsa, na ido ne. Daga shekara arba'in zuwa sama idon kusan kowa yakan fara kasa ganin abin da ke kusa. Alamarsa ita ce mutum ya riƙa nesanta takarda da fuskarsa, ƙananan baƙaƙe su riƙa haɗewa, kai ya yi ciwo bayan ɗan karatu kaɗan. Irin wannan ɗalibi ba zai ga lanƙwasar ƙ ba balle ya bambanta ta da k, sai ya ɗauka shi ne ba ya ganewa. Tabarau na karatu yana magance wannan, kuma ba shi da tsada sosai. A je a auna idon a asibiti, kada a ari na wani, domin awon yakan tono wata cutar da ba a san da ita ba. Wanda kunnensa ya yi nauyi ya zauna a gaba, ba abin kunya ba ne.

Lokaci kuma, babba ba shi da irin na yaro: ga kasuwa, ga gona, ga girki, ga suna da jana'iza. Kada ku jira ranar da za ku sami awa uku, ba za ta zo ba. Ku yanki minti ashirin ku ɗaure shi a jikin wani abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar asuba, ko da zarar yara sun fita makaranta, ko bayan an rufe shago. Da damina in aiki ya yi yawa a rage zuwa minti biyar na gwangwanin kati, amma kada a yanke. A sami haske mai kyau, ko na 'yar fitilar sola ne, ya faɗo kan takarda. Waya kuwa a kife ta nesa, domin duk ƙarar saƙo ɗaya sai ta tsinke zaren, kuma ɗaura shi yana cin lokaci. Barci ma yana cikin karatu. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa a cikin barci take daidaita abin da aka koya da rana, shi ya sa ɗan bita kafin kwanciya da janyowa da asuba suke da albarka.

Karatu da abokin tafiya

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara hanyar ilimantar da matan karkara da ake kira 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa, jajin ta zo da ayarin mata daga ƙauyensu, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su koyi darasi cikin waƙoƙin da ta tsara, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Ku dubi hikimar: kowace ta koya ne da sanin cewa za ta je ta faɗa wa wata. Wanda ya san zai koyar, sauraronsa ma daban ne.

Ku yi haka a junanku. Mutum biyu ko uku, ɗaya ya riƙe littafi yana tambaya, sauran su amsa, sa'an nan a juya. A gida kuma yaranku abokan karatu ne. Uwar da ba ta gama haɗa baƙi ba tana iya cewa, "Zo nan, ɗan albarka, karanta mini abin da aka koya muku yau." In ya gama ta ce, "To rufe, gaya mini me aka ce." Ta yi masa abin da malamin da ke da yara tamanin a aji ba zai samu yi masa ba. Uba kuma kada girma ya hana shi cewa 'yarsa ta duba masa rubutu. In ta ce, "Baba, a nan an bar lanƙwasa," ya gyara ya sa mata albarka. Gemu ba ya hana ilimi. Yaron da ya ga mahaifinsa da littafi a hannu ba sai an yi masa dogon wa'azi kan karatu ba.

Me za a karanta?

Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa a farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie yake cikin jagororinsa, an gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai koma gidan jiya. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya don buga littattafai masu sauƙi, aka kuma riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna, irin su Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato da Bazazzaga a Zazzau, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita tun 1939. Matsalar da suka hango tana nan. Takardar shaidar gama aji ba ta tsare karatu, karantawa kullum ce ke tsare shi.

Ku zaɓi abin da ranku ke so, wanda kuma bai fi ƙarfinku ba. In a shafi ɗaya kalmomin da suka gagare ku sun fi yatsun hannu ɗaya, ku ajiye shi zuwa gaba ku nemi mai sauƙi. Labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam gajeru ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya, kuma suna da daɗin sake ba wa wani da baki, wanda shi ne aikin da muke so. Ruwan Bagaja ma haka. Akwai jaridar Aminiya, akwai shafukan Hausa na gidajen rediyo a intanet ga mai waya, akwai littattafan addini da aka fassara. Littattafan hikaya na marubutan Kano, waɗanda wasu ke yi wa kallon raini, sun koya wa mata masu yawa saurin karatu, kuma ni ban ga dalilin hana su ba in an zaɓi masu kyau. Daga cikin marubutan akwai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta shiga ajin manya irin wannan da kuke ciki. Ita ce ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da wasu littattafan, har an fassara ɗaya daga cikinsu zuwa Turanci.

Aiki

Yanzu ku kifa wannan littafi. Kowa ya juya ga na kusa da shi ya gaya masa, da bakinsa, abin da Ebbinghaus ya gano game da mantuwa, da dalilin da ya sa ɗaliban da aka karɓe wa takarda suka fi tunawa bayan mako guda. Wanda ke sauraro ya riƙe littafin, kada ya buɗe wa mai magana sai ya ga ya yi nema ya gaji. Sa'an nan ku juya.

A gida ku yanka kati goma, ku rubuta tambayoyi daga darasin da ya gabata, ba wannan ba, ku zuba su a gwangwani na farko. Ku zaɓi layi shida daga kowane littafi ku karanta su a fili kullum har ranar aji mai zuwa, ku zo da su ku karanta mana. Wanda kuma ya lura yana nesanta takarda da fuskarsa, ya gaya wa malami yau kafin a tashi, a nuna masa inda ake awon ido.